Mai zane ya faɗi inda ya samo zanensa

Wanda ya zaga cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ba zai rasa abin kallo ba. Ga fadar sarki da aka gina a wajajen 1850. Ga sauran garun da Sarki Tanimun ya sa aka kewaye gari da shi. Ga kuma fuskokin gidaje masu zane: an yaɓa ƙasa, an fitar da dagi da layuka masu sarƙe juna, wasu an shafa musu launi, zankwaye suna tsaye bisa soro. Amma in aka tambaya wane magini ya yi wannan zaure, a wurin wa ya koyi aiki, don mi ya zaɓi wannan zane, sau da yawa sai a yi shiru. Gini yana nan, maganar mai ginin ta bi shi kushewa.

A ƙarshen shekarar 1852 wani Bajamushe mai suna Barth ya sauka a Damagaram, ya yi wajen wata guda. Baƙo ne, kuma bai aza tubali ko ɗaya ba. Amma da yake ya rubuta abin da ya gani, har yau ana karanta shi. Maginan da suka yi aikin da hannunsu kuwa, ba a da takardarsu.

Shi ya sa ya kamata duk ɗalibin da ya yi aikin hannu a makaranta, ko zane ne, ko jakar fata, ko ɗan gidan yumɓu, ya haɗa shi da gajeren bayani. Ya faɗi abin da ya je ya gani, da wanda ya tambaya, da abin da ya ɗauko, da abin da ya sake da kansa, da dalilinsa.

Akwai masu cewa wannan ɓata lokaci ne. A ganinsu aiki mai kyau ba ya bukatar ɗan rakiya, kuma maginan da da dukawan Damagaram sun yi suna ba tare da alƙalami ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai magini na da yana da yaransa a gefe shekara da shekaru. Suna kwaɓa masa ƙasa, suna miƙa masa tubali, yana yi musu bayani da baki. Yau siminti da kwano sun shigo, yaran magina da yawa sun kama wata sana'a, ruwan damina kuma ba ya jiran kowa. Katangar da aka bari ba yaɓe, zanenta zubewa yake yi. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, amma sa suna a jeri ba ya mayar da abin da aka manta.

Bayanin yana da wani amfani ga shi ɗalibin kansa. Yaron da ya san za a nemi ya faɗi inda ya samo zanensa, tilas ya tashi ya je ya duba. Zai gaida tsohon magini, ya durƙusa, ya ce: Baba, da mi ake haɗa makuba? A nan zai ji cewa daga kwasfar ɗorawa ake samun ta, kuma ita ke taimaka wa yaɓe ya jure ruwa. Wanda bai yi bincike ba, sai ya kwafi zanen na kusa da shi, ya ce nasa ne. Takardar bayani ce ke tona irin wannan.

Misali, ɗaliba ta zana fuskar zaure a kayenta. Za ta iya rubuta cewa ta ga dagin a wani gida kusa da fada, mai gidan ya ce tun zamanin kakansa yake. Ta ɗauki dagin yadda yake, amma ta sa kan gero a gefe biyu, domin iyayenta manoma ne. Jimla biyar ko shida sun isa. Bayanin da ya cika shafi biyu da yabon kai, gara a ce babu shi.

Manyan masu sana'a ma haka suke yi. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Kamara, ƴar Nijar mai tsara gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa. An gama aikin a 2018. Kafin su soma, sun nazarci ginin gargajiya, suka sa tsofaffin magina cikin aikin. Da yake an bayyana wannan a rubuce, mutanen wasu ƙasashe sun san abin da aka gada da abin da aka ƙara.

Saura zancen harshe. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a 1973, inda aka soma koyar da yara da Hausa kafin Faransanci. To, bayanin ma a soma rubuta shi da Hausa, domin da ita aka yi tambaya, da ita aka ba da amsa. Kalmomi irin su makuba, zanko da azara a bar su yadda suke, a yi musu ɗan sharhi a cikin na Faransanci. In an gama, malam ya liƙa takardar ƙarƙashin aikin, a ajiye kwafe guda a makaranta. Ɗalibi kuma ya koma wurin tsohon da ya tambaya, ya karanta masa, in akwai kure ya gyara.