Fenti Ba Shi Ne Karatu Ba

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, magana ce a kan sakandaren gwamnati ta garinku, kuma ba zan tauna ta ba.

Ki tambayi uwa, "Makarantar 'yarki tana da kyau kuwa?" Sai ta ce, "Ai an yi sabon fenti, an zagaye da katanga, bara ma kowa ya ci jarrabawa." Wata kuma ta taɓe baki ta ce, "Makarantar ƙauye me za ta taɓuka?" Wallahi dukkansu biyun sun kauce hanya.

Mai raina ƙauye, ki saurara. A 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka yi na mata irin ta Taura, wadda yanzu take Jihar Jigawa. Duk ba a cikin birni suke ba, amma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu ba sa ƙirguwa. Sirrin bai wuce an tace ɗalibai da jarrabawa, an kawo ƙwararrun malamai, an kuma sa ido ba. Ashe ba girman gari ke koyar da yaro ba.

Ke kuma mai murna da sakamako, wane irin ci ne? Kowa ya san akwai makarantun da ake haɗa kuɗi ranar WAEC ko NECO, a rubuta amsa a allo yara su kwafa. Yarinya ta fito da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, amma ki miƙa mata takardar asibiti ta karanta miki yadda za a sha magani, sai ta hau zare ido. Tun 2015 da kwamfuta ake jarrabawar JAMB, can babu allon da za a rubuta mata amsa. Nan asiri ke tonuwa, a dawo gida a ce ai ba ta da rabo. Haba! Ba rabo ba ne, cuta ce aka cuce ta shekara shida, mu iyaye muna kallo.

To da me za ki auna? Ko ba ki yi boko ba, kina da ido. Ki buɗe littafin rubutun 'yarki, ki duba ko akwai jan biron malami. In zango ya ƙare babu ja ko ɗaya, ba mai duba aikinta. Kullum ta dawo ki tambaye ta malamai nawa suka shiga aji yau. In biyu ne ko uku, zaman banza ta je yi. Ki tambayi wa ke koyar da Lissafi da Turanci: malamin dindindin ne, ko ɗan bautar ƙasa da zai tattara ya tafi bayan shekara guda? Ki leƙa ɗakin gwaje-gwaje, a buɗe yake ko gizo-gizo ya yi saƙa a kwaɗon? Ki duba banɗakin 'yan mata da ruwa, domin inda babu su budurwa ba ta zuwa makaranta kwanakin al'adarta, duk wata tana asarar darasi. Sannan ki kwatanta yawan 'yan matan aji ɗaya da na aji shida. In an fara aji maƙil an ƙare da 'yan tsiraru, ki tambayi ina sauran suka shige.

Kada kunya ta hana ki. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara, daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Haƙƙin 'yarki ne, ba alfarma ake miki ba. Muna iya cika mota mu tafi biki gari uku, amma taron iyaye da malamai sai mu bar wa maza, su ma rabinsu ba sa zuwa. Ki nemi izinin maigida, ki ja maƙwabciyarki, ku je ku gaida shugaban makaranta ku yi tambaya cikin ladabi. Malamin da ya san iyaye mata na ƙirga zuwansa ba zai yi fashin Litinin da Juma'a ba. Malamin kirki kuwa, wanda ke fama da aji cunkus da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, shi ma ya san akwai masu ganin ƙoƙarinsa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.