Kafin a Buɗe Injin Babur, a Duba Wayar Kuloci

Babur kayan aikin gona ne kamar garma, musamman a ƙasar Sunkani ta Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola, inda shi ne ke kai malamin gona ƙauyuka, shi ne kuma ke ɗaukar buhun taki mai kilo 50 daga Jalingo ko hatsi zuwa kasuwar Iware. Domin a samu wurin ɗora buhu a kan tanki, manoma da dama sukan sa a ɗaga musu kan babur, ko mai walda ya buɗa shi. Bayan 'yan kwanaki sai giya ta fara gardama: ta ƙi shiga sai da ƙara, ko a rasa firi idan an tsaya. Daga nan sai a ce inji ya lalace, a sauke shi.

A ganina yawancin wannan kuɗi asara ce. Giya da ƙafa ake taka ta, amma ba ta sauyawa sai kuloci ya raba inji da ƙafar baya, shi kuwa kuloci waya ce ke jan sa tun daga hannun hagu. An yanke tsawon wayar daidai da kan da babur ya zo da shi daga kamfani. Da zarar an ɗaga kan, wayar ta gaza. Ko dai ta ɗame, kuloci ya kasa kamawa sosai, inji ya yi ta kuka babur bai ja ba, farantan kuloci su ƙone a kan tudu. Ko kuma bakanike ya sassauta noti fiye da kima don ta kai, ko ya bi da ita ta wata hanya mai lanƙwasa, sai hannu ya taɓa maƙura alhali kuloci bai gama saki ba. Wannan na biyun shi ne mai sa giya tauri, babur kuma ya riƙa jan jiki gaba ko da an matse hannu.

Gwajin ba ya buƙatar ko sifana. A kashe inji, a taɓa hannun kuloci da yatsa ɗaya. Ya kamata ya ɗan yi wasa kafin a ji nauyin waya. A babura irin su Honda CG125 wasan milimita 10 zuwa 20 ne a ƙarshen hannun, sauran kuma a duba littafin da ya zo da su. Sannan a juya kan babur har ƙarshe dama, a sake taɓawa, a juya hagu, a sake. Idan wasan ya ɓace a gefe guda, waya ce ta gaza, ba inji ba. A kuma lura ko hannun yana bugun akwatin maɓallan fitila kafin ya kai ƙarshe, domin sau da yawa ba a mayar da maɗaurinsa mazauninsa na da.

Akwai abin da ya fi giya haɗari. Wayar totur da ta birkin gaba su ma ta kan suke bi. A tayar da inji a firi, a juya kan: idan kukan inji ya ƙaru da kansa, kada a hau wannan babur da kaya, balle a hanyar laka ta damina.

Maganin shi ne waya mai tsawo da za ta kai ba tare da lanƙwasa ba, a ɗiga mata mai, a daidaita notin da ke kusa da inji tukuna, sannan na hannu. Idan babu irinta a kasuwa, a mayar da kan asali, buhu ya koma kariya ta baya. (Masu roba-roba da ba ta da hannun kuloci, totur da birki kawai za su duba.) Sai an yi wannan duka, an kuma sauya baƙin mai da na babur, ba na mota ba, giya ta ci gaba da gardama, sannan a yarda a buɗe inji. Ina roƙon malaman gona su nuna gwajin nan a taron ƙungiyoyin manoma kafin a fara rabon taki. Minti biyar ya ishe shi.