Shugaban Da Ba A Iya Ce Masa Dakata

Ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi na filin jirgin Tenerife da ke ƙasar Sifen, mutum 583 suka rasa rayukansu. Har yau ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamar wannan ba.

Abin lura, 'yan uwa, shi ne injin jiragen lafiya lau yake. Kyaftin ɗin jirgin KLM kuwa gwani ne, don shi ne babban mai horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin. Sai dai ranar zuciyarsa na kan sauri, saboda an karkato da su zuwa filin da ba nan suka nufa ba, awoyin aikin da doka ta yarje masu suna neman ƙarewa, ga hazo ya rufe fili. Sai ya fara gudun tashi alhali hasumiya ba ta ba shi izinin tashi ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko jirgin Pan Am ya sauka daga titin. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya sauka. Ba wanda ya ƙara tankawa. Ashe jirgin na nan cikin hazo.

Ilimin tuƙi bai gaza ba. Abin da ya gaza shi ne shugaba ya gane cewa gaggawa ta mamaye zuciyarsa, ya kuma ji shakkar da ke cikin muryar na ƙasa da shi. Wannan ita ce basirar sarrafa zuciya, wadda Daniel Goleman ya yi wa littafi a 1995: sanin halin da zuciyarka ke ciki, riƙe ta, da karanta halin waɗanda ke ƙarƙashinka. Bayan irin waɗannan haɗurra ne kamfanonin jirage suka shiga koya wa kyaftin sauraro, suna koya wa mataimaki faɗin gaskiya ba tsoro. United Airlines ta fara wannan horo a 1981.

To, ɗan uwa, da yawanmu yau muna da yara a gareji, ko shago, ko ofis. Tambayi kanka: yaushe rabon da yaronka ya ce maka, "Maigida, akwai kuskure a nan"? In ka daɗe ba ka ji haka ba, kada ka ɗauka ba ka kuskure. Tsawarka ce ta rufe masu baki, kuma ranar da ɓarna za ta zo suna gani za su yi shiru.

Saboda haka in rai ya ɓaci, a jinkirta hukunci. In ƙarami ya kawo gyara, a saurare shi har ya gama, a gode masa gaban sauran, ko da bai dace ba. Lallai shugaban da ba a iya ce masa dakata, shi da mabiyansa duk suna cikin haɗari. Allah Ya sa mu gyara.