Sabon Rami a Ƙarƙashin Janeba: Me Za a Nema?

A kan iyakar Faransa da Siwizalan, kusa da birnin Janeba, cibiyar bincike ta CERN tana da wani rami mai siffar zobe a ƙarƙashin ƙasa, kewayensa kilomita 27. A cikinsa ne ake gwara ƙananan ƙwayoyin da zarra ta ƙunsa, su farfashe, masana su duba abin da ya fito. Da wannan na'ura, watau LHC, aka gano ƙwayar Higgs a shekarar 2012. A 2025 kuma cibiyar ta fitar da rahoto kan sabon zobe mai kilomita 91, kusan tafiyar mota daga Kano zuwa Karaye, wanda matakinsa na farko kaɗai zai ci faran biliyan 15 na Siwizalan.

Lokacin da ake gina LHC masana sun san abin da suke farauta, domin tun 1964 lissafi ya nuna Higgs. Yanzu kuwa babu wata ƙwaya da lissafi ya tabbatar tana jira. Tun 2012 ba a ƙara gano wata ƙwaya ta asali ba, alhali ƙa'idar da ke hannu ba ta bayyana fiye da kashi 5 cikin ɗari na abin da sararin samaniya ya ƙunsa. Saboda haka duk masanin da ya yi wa gwamnatoci alkawarin sababbin ƙwayoyi, cinikin biri a sama yake so su yi.

Duk da haka ramin ya cancanci a haƙa shi, amma hujjarsa ita ce awo. Matakin farko zai samar da Higgs sama da miliyan ɗaya, a auna halayenta filla-filla, kuma inda awo ya saɓa wa lissafi, nan ne sabon ilmi yake ɓoye. An taɓa ganin irin wannan. Na'urar LEP, wadda ta fara aiki a 1989 a ramin da LHC ta gada, ba ta da ƙarfin samar da ƙwayar da ake kira top, amma awonta ya nuna nauyin ƙwayar tun kafin a gano ta a Amurka a 1995.

Wajibi ne kuma a faɗi kuɗin gaskiya tun daga farko. A 1993 majalisar Amurka ta soke irin wannan aiki a jihar Teksas da kuɗinsa ya yi ta hauhawa, bayan an kashe kimanin dala biliyan 2, an kuma haƙa fiye da kilomita 20 na rami.