Fartanyar Antoni na Masar

Mu da muke zaune cikin maƙwabta Kirista mun saba ganin sunan Antoni a allon makaranta da ƙofar coci. Masu wannan suna cikin waliyyansu sun fi ɗaya. Wanda nake nufi shi ne na Masar, wanda aka haifa wajen shekara ta 251 Miladiyya, ƙarni uku da 'yan kai kafin haihuwar Manzon Allah (SAW).

Yana da shekara 20 ko ƙasa da haka iyayensa suka rasu suka bar masa gonaki. Ya rabar da su, ya danƙa ƙanwarsa ga wasu mata masu ibada, ya nufi hamada. Ya yi kimanin shekara 20 a kulle cikin kangon wata tsohuwar ganuwa. Da jama'a suka dame shi da ziyara, sai ya bi ayarin Larabawa ya ƙara nausawa, har wani dutse mai idon ruwa da 'yan itatuwan dabino kusa da Bahar Maliya.

Ruhubananci ba tafarkinmu ba ne, kuma ni dai ban ga gwaninta ba ga namijin da ya bar ƙanwarsa marainiya a hannun wasu. Amma akwai abu guda cikin tarihinsa, wanda Atanasiyus, bishop na Iskandariyya, ya rubuta, da ya tsaya mini a rai. Da Antoni ya ga almajiransa suna shan wahalar ƙetare hamada don kawo masa gurasa, sai ya roƙi a kawo masa fartanya da gatari da ɗan iri. Ya share fili, ya shuka, ya ci daga gumin kansa. Daga baya har ya ƙara 'yan kayan lambu saboda baƙi.

A gidan Maigida ni ke karɓar takardun neman taimako. Sau nawa na karanta ta wani mai da'awar zuhudu, lafiyarsa lau, wanda tuwonsa da cefanensa duk suna wuyan almajiran da ba su da na kansu? Kunya ke hana ni tambayarsa inda tasa fartanyar take.

Sarki Kustantin ya aiko wa Antoni da wasiƙa, sai da almajiransa suka matsa masa ya ba da amsa. Da ajali ya matso a shekara ta 356, yana da shekara 105, ya yi wa almajirai biyu wasiyya su binne shi a ɓoye, kada su nuna wa kowa kabarin.