Gida a bakin tekun Tailan: Mene ne baƙo yake saye da kuɗinsa?

Tun bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022, tsibirin Phuket da ke kudancin Tailan ya cika da baƙi masu neman gidan saye, musamman 'yan Rasha. Tallan ya iso wayoyin 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga Bangkok: gida mai kallon teku, biya kaɗan-kaɗan, ga alƙawarin kuɗin haya daga masu yawon buɗe ido. Sai dai tallan ba ya faɗin cewa dokar filaye ta Tailan ta 1954 ta hana baƙo mallakar ƙasa, in ban da wasu 'yan keɓantattun hanyoyi masu wuyar cikawa.

Abin da doka ta yarje masa kai-tsaye shi ne sashe a dogon bene mai gidaje da yawa, bisa dokar 1979, da sharaɗin kada rabon baƙi ya wuce kashi 49 cikin 100 na faɗin gidajen benen, kuma kuɗin sayen su shigo daga waje. Wannan hanya ce mai tsabta. Rigima tana farawa ne idan mutum ya nace sai gida mai fili nasa.

A nan dillalai kan kawo dabarar kamfani. A yi rajistar kamfanin Tailan, baƙo ya riƙe kashi 49, sauran 51 a rubuta da sunayen 'yan ƙasa waɗanda ba su zuba ko sisi ba, wani lokacin ma direba ne ko ma'aikaciyar ofishin lauya. Kamfanin sai ya sayi filin. Dokar kasuwancin baƙi ta 1999 ta haramta wannan aron suna, hukuncinsa kuma na iya kaiwa ɗaurin shekara uku, ban da tilasta sayar da filin. An daɗe ana kau da kai, shi ya sa mutane suka ɗauka halas ne; a 'yan shekarun nan kuwa hukumomi sun matsa bincike a Phuket da Samui. Ko da hukuma ba ta zo ba, a takarda masu rinjaye su ne waɗancan 'yan ƙasar. Ranar da aka ɓata, baƙon ba zai iya zuwa kotu ya ce dukiyar tasa ce ba tare da ya tona wa kansa asiri ba. A ganina wannan ne haɗari mafi girma, domin mutum ya biya kuɗi ya sayi abin da ba zai iya kare shi ba.

Wanda ya saya da sunan matarsa 'yar ƙasar ma sai ya sa hannu a ofishin filaye cewa kuɗin nata ne ita kaɗai.

Saura haya mai dogon zango. Iyakarta a doka shekara 30, amma an saba sayar da ita a matsayin shekara 90, wato 30 sau uku, da alƙawarin sabuntawa. Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga Phuket, cewa irin wannan alƙawari da aka ƙulla tun farko don kauce wa iyakar bai da ƙarfin doka. Wanda ya biya farashin shekara 90 ya tashi da 30.

Takardun fili ma hawa-hawa ne. Wadda ake kira Chanote ita ce cikakkiyar shaidar mallaka mai tabbataccen awo. Na ƙasa da ita wasu shaidar amfani da fili ne kawai. Rairayin bakin teku kuma na jama'a ne, kuma bayan juyin mulkin 2014 sojoji sun rushe gine-gine da rumfunan da suka ci iyaka a gaɓar Phuket. Mutanen Legas da suka ga rusau a Landmark a 2024 saboda titin Legas zuwa Kalaba sun san yadda gaɓar teku take komawa hannun gwamnati cikin 'yan kwanaki.

Shi kansa tekun yana da nasa haƙƙin. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004 ta kashe sama da mutum 5,000 a Tailan, galibi a wannan gaɓa ta yamma inda ake tallan gidajen yau.