Cin Moriyar Ganga

Hausawa na cewa wane ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta. In ana neman inda wannan karin magana ta zauna daram, ba sai an wahala ba, a dubi yadda muke yi da mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu suna ba mu labari, suna sa mu dariya, suna karantar da mu ta jarida da rediyo da majigi. Muna son aikinsu ƙwarai, amma su kansu ba mu ɗauke su a bakin kome ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, ko aikin nan nasu da muke so mun kasa ajiye shi. Wannan ita ce ƙarar da na kawo gaban mai karatu, kuma hukuma nake ƙara tun da farko, ko da ya ke akwai waɗansu da za su sami rabonsu a hanya.

Bari in fara daga gida. Mu mutanen ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa manoman auduga ne tun kaka da kakanni. A Daudawa ta ƙasar Faskari Turawa suka kafa gonar irin auduga, a Funtuwa kuma suka kafa injin gurza. Da suka so talaka ya bi sabuwar dabarar noma, ba su tsaya kan wasiƙar Razdan da shelar dagaci kaɗai ba, sai suka aiko da majigi. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin yadda mota kan iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa, da an yi sallar lisha a ta da inji, maza da mata da yara su zauna a ƙasa, mai bayani na fassara da babbar murya. Cikin finafinan da aka yi ta yawo da su a shekarun 1950 babu wanda ya shiga bakin jama'a kamar Baban Larai, wanda aka shirya don koya wa manomi gyaran gona. To, ka tara samari goma na Faskari yau, ka tambaye su wanene ya fito a Baban Larai, ko wa ya riƙe na'urar ɗaukar hoton, ka ji abin da za su ce maka. Bature ya san amfanin majigi don yana bukatar auduga a masaƙun Ingila. Mu da muka gaje shi mun karɓi mota da inji, mun bar sanin darajar abin.

Kada wani ya ce ai wannan ɗan fim ne na noma, ba a bakin kome yake ba. Ga babba. Malam Adamu Halilu yana cikin 'yan Arewa na farko da suka ƙware a wannan sana'a, ya yi wa Gwamnatin Jihar Arewa finafinan wayar da kai masu yawa. Cikin 1976 ya fitar da Shaihu Umar, wanda aka ɗauko daga littafin da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta. Ka ji fa, littafin Firayim Minista na farko na ƙasar nan, fim kuwa da harshen Hausa tun daga farko har ƙarshe. In da akwai abin da ya cancanci a sa shi cikin akwati a kulle, a ba wani amintacce mabuɗi, ai shi ne. Amma sai ya ɓace shekara da shekaru, har masu nazari suka fid da rai. Sai cikin 2016 aka tsinci faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiya, cikin tulin gwangwanaye da ƙura ta rufe. Su wa suka gyara shi? Jamusawa. Ina aka fara nuna gyararren? A bikin finafinai na Balin, cikin 2018. Watau sai da Bajamushe ya zauna kan kujera mai laushi ya kalli Shaihu Umar, sa'an nan jikokin mai littafin suka sami labarin ashe yana nan. Lalle mun gode musu, amma godiyar da kunya a cikinta.

Haka labarin ya ke ga mutanen rediyo da talabijin na Kaduna. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ya san Samanja Mazan Fama, watau Alhaji Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya ɗauki Hausar bariki ya mai da ita abin dariya da abin koyo, ya sa farar hula suka fahimci zaman soja bayan yaƙin basasa. Ya san Alhaji Kasimu Yero na Zariya, da Karambana, da yadda aka mai da Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam wasan talabijin. Kasimu ya rasu cikin 2017, Samanja cikin 2023. Ranar da suka rasu manya sun yi ta aiko da ta'aziyya, kowa na cewa an yi babban rashi. Amma yaron da ya ke so ya ga abin da ya sa ake yabonsu, abin da zai samu shi ne 'yan gutsattsari masu dishi-dishi da waɗansu masu kishi suka ɗora a YouTube. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Imam ya fara yi wa edita cikin 1939, ta kuma koya wa rabin Arewa karatun boko, ta daina fitowa muna ji muna gani.

Waɗannan duka ma'aikatan gwamnati ne, da kayan gwamnati suka yi aiki. In hukuma ta yi sakaci da abin da ta biya da kuɗinta, ina ga abin da ba ta sa ko anini ba?

Gama sana'ar fim ta yanzu ba hukuma ta haife ta ba. Samarin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano ne suka haɗa 'yan kuɗinsu, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya cikin 1990, daga nan abu ya yi ta bunƙasa. Kafin shekara goma kaset ya cika Ƙofar Wambai, ana ɗora shi a mota zuwa Maraɗi da Yamai da Kumasi, har Sudan da Makka. Direba ya ci abinci, tela ya ci, mai kwalliya ya ci, mai shagon haya a Sabuwa ya ci. Harshen Hausa kuwa ya shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Da hukuma ta waiwayo, me ta riƙo a hannu? Almakashi. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano cikin 2001. Cikin 2007 aka dakatar da ɗaukar fim a Kano wata da watanni, aka ɗaure Adam Zango. Cikin 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro, mutumin da ya sa talaka dariya ran da ba shi da abin sawa a tukunya. A ƙarshen wannan shekara kotun tafi-da-gidanka ta aika da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kurkuku a kan Tsintsiya, fim ɗin da aka shirya don kiran zaman lafiya tsakanin ƙabilu. Cikin 2016 kuma, da Gwamnatin Tarayya ta ce za ta gina wa masu sana'ar wurin aiki da koyo a Kofa ta ƙasar Kano, aka yi ca a kan mumbari, gwamnati ta janye ba ta ko tsaya ta yi bayani sosai ba. Amma da lokacin zaɓe ya zo, sai ka ga 'yan fim ɗin nan da mawaƙansu bisa dandamali, ɗan takara na riƙe da hannunsu yana murmushi.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba na raina shi. Za su ce finafinan nan sun cika da rawa da waƙa irin ta Indiya, sun koya wa 'yan mata shigar da iyayensu ba su sani ba. Akwai gaskiya a ciki. Ni ma na sha kashe akwati don haushin labarin da aka kwaso daga Bambai aka sa masa hula da babbar riga. Na kuma daɗe ina jin zafin yadda masu shirya fim suka manne wa falon attajiri da rigimar kishiya, alhali ga ƙauyuka cike da labarin da ya isa ya sa dutse kuka. A watan Disamba na 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duka ta ji sunan garinmu daga bakin baƙi. Wanda ya iya Hausa, ya iya riƙe na'ura, shi ya fi cancanta ya nuna abin da uwa ta ji a kwanakin nan shida. Wannan laifinsu ne, ba na kāre su. Amma gyara daban, zubarwa daban. Wanda ya ce sana'a ta lalace, sa'an nan ya hana a gina makarantar da za a koyar da ita, me ya ke nufi ke nan? Kuma tun da aka hana, an daina kallo? Wayar da ke aljihun ɗalibin malam ta isa shaida. Abin da hanin ya haifar kaɗai shi ne, aka bar yara suna koyon sana'ar a bakin titi, daga wanda shi ma bai koya ba.

Yanzu in komo gida, don a nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya ke. Aikin nan na ajiye tarihin masu fim, wanda ma'aikatu masu motoci da kasafi suka kasa, mutum ɗaya ɗan ƙasar Faskari ya ɗauke shi a kansa. Malam Ibrahim Sheme ya yi karatun aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano, ya ƙara a Kadif ta ƙasar Birtaniya, ya riƙe shafin adabi a jaridar New Nigerian ta Kaduna, inda aka yi ta kai ruwa rana a shekarun 1990 kan littattafan soyayya na Kano, ko adabi ne ko shirme. Daga baya ya yi editan manyan jaridun Turanci a Abuja. Mutum mai irin wannan matsayi, da ya so, sai ya tsaya kan labarin siyasa, inda ake samun girma da ambulan. Sai ga shi cikin watan Maris na 1999 ya fito da mujalla mai suna Fim, da Hausa, tana bin 'yan wasa da masu ba da umarni da mawaƙa, wane ya fito a wane fim, wa ya sa kuɗi, wa ya yi aure, wa ya rasu, wace rigima aka yi da 'yan kasuwa. A lokacin waɗansu 'yan boko sun ɗauke ta takardar tsegumi. Yau duk mai nazarin finafinan Hausa, ko a Kano ya ke ko a Amurka, ba ya da makawa sai ya buɗe tsofaffin fitowarta, domin abin da ba a rubuta a nan ba galibi ya bi iska.

Har wa yau shi ne ya jagoranci rubuta tarihin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu cikin 1999. Littafin, Shata Ikon Allah, ya fito cikin 2006, kuma cikin waɗanda suka yi aikin tare da shi akwai Malam Aliyu Ibrahim Ƙanƙara. Ka ga 'ya'yan yankinmu biyu ke nan a kan aiki guda, suna bin tsofaffin makaɗa da 'yan amshi gari gari tun ƙasa ba ta rufe bakinsu ba. Ban kawo wannan don in yi wa kowa kirari ba, su ma 'yan Adam ne, an kuma sha yin jayayya da abin da suka rubuta. Na kawo shi don ya zama hujja a kan hukuma. In ɗan jarida da 'yan abokansa sun iya, da wane baki ma'aikata guda za ta ce ba hali?

A watan Janairu na 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda ke Jos, inda kuma ɗakin ajiyar finafinai na ƙasa ya ke. 'Yan fim sun yi murna, sun ce yau an san da su. Ni murnata tana da sharaɗi. Mutumin da ya taso tun zamanin kaset, ya san kaset ba ya jure zafi da laima, ya san faifan CD da an ɗan karce shi ya tashi aiki. Finafinan shekarun 1990 da na farkon 2000, dubbai, suna nan warwatse a shagunan da aka rufe da buhunan da ke ƙarƙashin gado. In ba a tara su an juye su yanzu ba, abin da ya sami Shaihu Umar zai same su, kuma ba kullum ake dace da mai tsintuwa ba.

Mu kuma na Katsina ba sai mun jira Jos ba. Muna da Hukumar Tarihi da Al'adu. Ta nemi dukan fitowar mujallar Fim tun daga ta farko, ta ɗinke su shekara shekara, ta ajiye a Katsina da Funtuwa inda ɗalibi zai iya zuwa ya karanta. Ta kuma ba ma'aikaci ɗaya na'urar ɗaukar magana da kuɗin mota, ya nemi tsofaffin da suka zauna gaban farin ƙyallen nan a Daudawa da Sheme da Ƙanƙara, su faɗi abin da suka gani da wanda suka sani. Waɗanda suka kalli Baban Larai suna yara yanzu sun doshi tamanin, kuma da yawansu 'yan bindiga sun tashe su daga ƙauyukansu, suna zaune a gidajen dangi a Faskari da Funtuwa. Nemansu ba wuya, in dai bana za a fara.